Mun Je Tono Kayan Ɗakin Rabi

Tun da na dawo daga gabas ban samu na ɗaure noti ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya kawo injin ban-ruwa shagona a Gwarzo, kafin ya faɗi abin da ke damun injin sai ya ce, "Malam Sule, wai da gaske ka ga jirgin da ke hango bam a cikin ƙasa?" A majalisa haka, a ƙofar masallaci haka. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kowa jirgin yake son ji, ni kuwa ba jirgin ne ya tsaya mini a rai ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Yaya Talatu ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Ina yaro aka kai ta gidan Malam Idi. Shi ma mutumin garinmu Masanawa ne, amma noman tattasai ya kai shi Nijar, can ƙasar Difa a bakin kogin Komadugu, ya kafa gida ya zauna. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Rabi. Lokacin da mutanen daji suka fara shiga garuruwan yankin suna kisa, an riga an sa ranar auren Rabi, Yaya kuma ta gama tara mata kayan ɗaki. Kwalla, samira, tasoshi, shekara da shekaru tana tsinkar tattasai a gonakin mutane tana saye ɗaya bayan ɗaya. Ranar gudu ba a ɗaukar kwano. Ita da Rabi suka haƙa rami a tsakar gida kusa da turken awaki, suka jera kayan, suka shimfiɗa tabarma a kai suka mayar da ƙasa, da niyyar in abin ya lafa su dawo.

Malam Idi bai fita daga garin ba, a ƙofar masallaci aka harbe shi. Rabi kuma amai da gudawa ya ɗauke ta a sansanin da suka fara sauka. Yaya ta dawo mana Masanawa da zanen jikinta kawai.

Shekarun nan da ta yi a gida ba ta cika ambaton mijin ba, ba ta cika ambaton 'yar ba. Kayan ɗakin take ambato. Cewa take burinta a duniya ta tono su, ta wanke su, ta ba wata marainiya ta shiga ɗakin miji da su, ladan ya isa ga Rabi. Mu dai sai mu ce Allah ya nufa, mu canza magana.

Ana nan sai Ya Gana, tsohuwar maƙwabciyarta Babarbariya, ta kira ta a waya. Ta ce wasu masu aikin kwance nakiya sun shiga garinsu da wani ƙaramin jirgi, kuma suna neman duk matar da ta binne kaya ta zo ta nuna wurin. Washegari Yaya ta hau mota ta same ni a shago, hannuna duk baƙin mai.

Na ce, "Haba Yaya, kwanon da ya yi shekaru a ƙasa ai tsatsa ta gama da shi. Ki bari in shiga Kano in sayo miki sababbi, ki ba duk marainiyar da kike so."

Ta dube ni kamar yadda take dubana in na yi ɓarna ina yaro. Ta ce, "Auta, in ba za ka raka ni ba ka faɗa mini, in nemi wani."

Ga furfura a gemuna, ga masu injin tsaye suna ji. Na ce zan raka ta, amma Allah ya sani ba da son raina ba.

Daga Masanawa muka fito ta Kabo, muka shiga Kano, muka kama hanyar Daura. Kayana jaka ɗaya ce. Na Yaya kuwa har da wata doguwar tabarma a naɗe, an ɗaure ta da igiya, ta hana yaron mota ya ɗora a sama, ta rungume abarta har kan iyaka. A can ne na san abin da ke ciki. Jandarman Nijar ya ce a kwance, aka kwance, sai ga dagi da 'yar fartanya. Dagin mahaifinmu ne, wanda yake haƙa ramin shinge da shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don duk 'yan motar sun zuba mana ido, har wani yana cewa ko Hajiya ginin rijiya za ta.

Jandarman bai yi dariya ba. Ya tambayi inda za mu, Yaya ta faɗa masa sunan garin. Sai ya naɗe mata tabarmar da kansa. Ya ce, "Inna, ni na yi aiki a can. Ki tafi da dagin ki, amma don Allah kada ki soka shi a ƙasar garin nan. Ko allura kika yar, ki bar ta." Yaya ta ce masa to, irin to ɗin da na san maganar ba ta shige ta ba.

Damagaram ba ta ba ni mamaki ba sai ta wajen burodi. Na je saye aka miƙo mini wani dogo kamar sandar makiyayi, na matsa shi na ji ƙam. Na ce wa mai shi ya ji tsoron Allah ya ba ni na yau. Ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta, in taɓa in ji da ɗumi. Da ɗumin kuwa. Na ci ya yanke mini dasashi, Yaya kuwa da ta saba da shi ta tsoma nata a shayi tana yi mini dariya. Wannan ce dariyarta ta farko tun da muka fito. A ɗakin baƙi na kamfanin motar muka kwana, maza gefe mata gefe, kowa a kan tabarmarsa yana matashi da jakarsa.

Wani abin da ya kusa ja mini kunya shi ne motarsu ba ta jiran mutum. Mu a Gwarzo in ka ajiye jaka a kujera ka kama wuri ke nan, kana iya zuwa ka yi aski ka dawo, mota tana nan tana jiran cikon mutum ɗaya. Na ajiye jakata na fita neman kilishi. Ina cikin ciniki na hango motar ta fito daga tasha. Na bi ta da gudu, kilishi a hannu, takalmi ɗaya ya cire, Yaya ta leƙo ta taga tana ƙwala wa direba kira. Da na shiga ina haki, wani dattijo ya ce, "Ɗan Najeriya ne ko?" Na nemi kujerata na zauna.

Hanyar gabas doguwa ce, rairayi hagu da dama. Bayan Gure shingayen sojoji suka fara yawa. A kowanne sai kowa ya sauka, a taka da ƙafa a wuce, maza su ɗaga riga a ga cikinsu. Tun ina jin haushi har na daina, don na ga waɗanda suka girme ni suna ɗagawa ba tare da an ce musu ba. Da muka wuce Maine sai bukkoki suka fara bayyana a bakin kwalta, na kara da na leda, jere ba iyaka. Yaya ta manna fuskarta a gilashi. Can ta ce, "Nan wajen ne." Ban tambaye ta wajen me ba, na san kabarin Rabi take nufi, kuma na san ko an tsaya ba za ta iya nuna shi ba.

A irin waɗannan bukkokin Ya Gana take zaune. Da suka haɗa ido da Yaya, sai suka rungume juna suka zauna a ƙasa suna kuka, ni ina tsaye riƙe da tabarma da dagi kamar wanda aka aiko. Daga baya aka yi gaisuwa. Ina jin mu Kanawa mun iya doguwar gaisuwa, ashe yara ne mu. Su sai sun tambayi gida, su tambayi hanya, su tambayi gajiya, su koma kan gida, suna tafa hannu a hankali, kai kana ta lafiya lau har numfashinka ya ƙare. Bukkar kuwa ko ƙofar kirki babu, amma ƙamshin turaren wuta ya cika ta. Aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi, mai yana yawo a kai. Na san abincin kwana biyu ne suka haɗa mana a kwano ɗaya, na ci ina jin nauyin abin.

Ni an sauke ni a rumfar maza, kusa da inda ma'aikatan kwance nakiyar suke kwana. A nan na san Ari. Mutum ne da bai wuce shekara talatin ba, siriri, mai yawan tsokana. A da manomin tattasai ne a wani gari kusa da na su Yaya, yanzu yana cikin waɗanda ke rarrafe da gwiwa suna tono abin da aka binne. Shi ke dafa shayi, irin nasu mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi. Na kurɓa na yamutsa fuska, ya ce, "Baba, wannan na farko ne, na maza. In ba za ka iya ba ka jira na uku, shi muke ba yara." A bakinsa na ji cewa in sun tarar da abin da ba su yarda da shi ba, ba sa taɓa shi, sai su ɗora masa tasu 'yar nakiyar su fasa shi daga nesa. Ya ce in akwai bam a ciki za ka ji ƙara biyu a manne, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya tashi baƙi. In babu, ƙara ɗaya ce, kamar an buga ƙofar langa-langa.

To, ga jirgin da kuke ta tambaya. Da asuba aka kai mu bakin garin, inda aka jera duwatsu masu jan fenti, ba mai tsallake su. Jirgin bai fi faifai girma ba, da farfela huɗu, ƙararsa kamar taron ƙudan zuma. Wata yarinya ce ke tuƙa shi daga ƙasa, sunanta Falmata, 'yar Difa, ta yi karatun kwamfuta. Ta ce suna tashinsa ne kafin rana ta gasa ƙasa, domin kyamararsa zafi take gani. Ƙarfe ko jarka da ke kwance a ƙarƙashin rairayi ba ya riƙe zafi daidai da rairayin da ke kewaye da shi, sai wurin ya fito a hoto da wani launi daban. Amma hotunan suna da yawan da idon mutum zai gaji ya fara tsallake abu. Don haka sai su tura su ta wani faranti da ke kan motarsu zuwa wasu manyan kwamfutoci a wata ƙasa mai nisa. Waɗannan kwamfutocin an daɗe ana nuna musu hotunan wuraren da aka binne nakiya da wuraren da ba komai, har suka koyi bambancewa. Su ne ke dubawa su dawo da taswira, duk inda suke zargi sun zagaye shi da ja.

Ni da na yi rayuwata ina kwance inji, na ce ta nuna mini injin da ke wannan aikin in gani. Ta ce ba ya nan, su a wajen aiki gajimare suke ce masa. Na ɗaga kai, sama fes ko ɗigon hadari babu. Ta yi dariya ta ce suna ne kawai, wani gida ne cike da kwamfutoci, ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. Na ce, "To in ya yi kuskure wa zai kwance shi ya duba?" Ta ce, "Baba, shi ya sa ba shi ke shiga ba. Shi nuni yake yi, su Ari ne ke shiga." Gaskiya ban ji daɗin injin da ba zan iya sa masa sifana ba.

Ita ce ta gaya mana dalilin kiran matan. Ta ce ranar da taswirar garin ta fara dawowa, sun ɗauka na'urar ce ta lalace, don kowane gida ya fito da jan tabo kamar yaron da ƙyanda ta fesa wa. Ashe kwanuka ne. Kusan duk matar da ta gudu abin da Yaya ta yi shi ta yi. Kwamfutocin kuwa a ƙasashen da aka koyar da su ba a binne kayan ɗaki, ba su san da wannan ba. Abin da ya fi muni, mutanen daji da suka zauna a garin sun gane. Sun tono wasu ramukan, suka kwashe abin da suke so, suka cika kwallar da abin fashewa, suka mayar da murfi suka rufe, suna jiran mai kaya ta dawo. Wata mata ta saci jiki ta shiga tono nata tun kafin ma'aikatan su zo, ita da ƙanwar mijinta, ba wadda ta fito. Na waiwaya na dubi Yaya, ta sunkuyar da kai.

Aka tara matan a ƙarƙashin wata rumfar tamfol, aka ajiye musu babban allon kwamfuta. Abin tausayi, ba wadda ta taɓa ganin gidanta daga sama, ga shi rufin ɗakunan duk ya ƙone, sai layukan katanga. Suna ta nuna gidajen juna suna musu. Da aka zo kan Yaya ta daɗe tana kallo ba ta gane komai ba. Sai ta ce wa Falmata, "'Yata, juya mini shi in fuskanci gabas." Aka juya. Ta ɗora yatsa a kan rijiyar gari, ta fara tafiya da shi a hankali kamar mai bin lungu da ƙafa. Da yatsan ya iso ƙofar masallaci ya tsaya.  Can ta ja shi ya wuce, ya karya kwana, ya shiga wani fili mai bishiyar aduwa. Ta ce, "Ga turken nan."

Jan zagaye yana wurin, daidai ƙarƙashin yatsanta. Amma ba shi kaɗai ba. Wani siririn layi ya taso daga cikinsa ya miƙe har ƙofar zaure.

Falmata ta kira shugabansu, wani tsohon soja mai magana ƙasa-ƙasa. Ya duba, ya zauna a kan tabarma kusa da Yaya. Ya ce ramin da ba su ga alamar komai a kansa ba, suna tona shi da hannu a hankali, su miƙa wa mai kaya kayanta, an ma yi wa mata da yawa haka. Amma wanda layi ya fito daga cikinsa, yawanci waya ce aka ja zuwa inda mutum zai taka. Irin wannan fasa shi suke yi.

Yaya ta ce, "Ba waya ba ce. Tiyo ne. Malam ya binne tsohon tiyon injin ban-ruwansa don ruwan wanke-wanke ya riƙa fita waje. A gabana ya binne shi."

Na matsa na duba, ni ma a idona tiyo ne, na faɗa. Falmata ta ce yana iya zama tiyo, na'urar ba ta ce tabbas ba, cewa ta yi ya yi kama sosai da waɗanda aka tarar da waya a cikinsu. A nan raina ya ɓaci. Na ce wato maganar matar da ta yi shekara talatin a gidan nan ba ta kai ta wani akwati da ke ƙasar da ba a san tattasai ba? Na ce mun taso tun daga Kabo, tsohuwa ta sha hanya, don a tara mu a fasa mata kaya a gabanta? Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan rubuta su ba. Shugaban ya bar ni na gama. Ya ce, "Malam, ban ƙaryata ta ba. Tiyon yana nan, na yarda. Su ma waɗancan sun ga tiyon, kuma a cikin irinsa suke zura wayar."

Sai Yaya ta yi magana, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Auta. Da muka gama jera kayan, Rabi ta koma ɗaki da gudu ta fito da wani ƙunshi, ta ɗaure shi a ɗankwalinta. Ta sa a babbar kwalla ta rufe. Na ce mene ne, ta ce, Inna kada ki buɗe, sai mun dawo in nuna miki. Ana harbi a bayan gari, ban tsaya tambaya ba. A sansani kuma da ciwon ya kama ta ban tuna ba, sai bayan an rufe ta." Ta goge ido da gefen mayafi. "Kwanukan ku fasa in kuna so. Ƙunshin nake son gani."

Duk shekarun nan muna cewa Allah ya nufa muna canza magana, ashe abin da take ɗauke da shi ke nan. Na ji kunyar sababbin kwanukan da na ce zan sayo mata.

Ari yana tsaye a bakin rumfar, ya ji komai. Ya ce, "Shugaba, ka bar ni in gwada. In bi ta bayan katanga in shigo ramin ta gefe, ba ta wajen layin ba."

Shugaban ya ce, "Ka san abin da kake faɗa?"

Ya ce ya sani. Shugaban ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juya ga Yaya ya ce, "Inna, ana iya yi, an taɓa yi. An kuma taɓa yi ba a dawo ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, hannun mutum ne zai shiga ƙarƙashin murfin nan. In kin ce a yi, zan zauna da shi mu tsara hanyar."

Zan faɗi gaskiya, a zuciyata cewa nake ta ce a yi. Tiyo ne, na tabbata tiyo ne. Ita kuwa ta ce a bar ta ta yi sallar azahar tukuna.

Da ta idar ta daɗe a zaune. Sannan ta aike ni na kira mata Ari. Ya zo ya durƙusa a gefen tabarmar.

Ta ce, "Ɗana, mahaifiyarka tana da rai?"

Ya ce, "Tana nan, Inna, a Maine."

"Ta san aikin da kake yi?"

Ya yi ɗan murmushi, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Ce mata na yi direba nake."

Yaya ta gyaɗa kai. Ta dube shi tun daga fuska har hannuwansa da ya ɗora a gwiwa. Ta ce, "To ku fasa."

Ya fara cewa shi fa ya yarda, ba wanda ya tilasta shi. Ta ce, "Na ji. Allah ya yi maka albarka. Ku fasa."

Da safe aka kai mu bayan jajayen duwatsun, aka ce mu zauna a ƙasa. Ya Gana ta riƙe hannun Yaya. Aka busa usur, aka yi shela da Barbarci da Hausa. Ni ban san abin da nake roƙo ba, amma na kasa kunne ina jiran ƙara biyu, ina jiran baƙin hayaƙi, don in samu abin da zan riƙe in ce gara da aka yi haka.

Ƙara ɗaya aka yi. Ƙura ta tashi fara a bayan bishiyar aduwa, iska ta kwashe ta.

Bayan sun shiga sun duba, Ari ya dawo, ya cire hular gilashin da suke sawa, ya durƙusa gaban Yaya. Na yi ta yi masa alama da ido ya yi mata ƙarya, bai kalle ni ba. Ya ce, "Inna, tiyo ne. Ba waya. Ba wanda ya taɓa ramin, har guntun tabarmar da kuka shimfiɗa na gani."

Ta ce, "Ƙunshin fa?"

Ya ce, "Wuta ta ci, Inna. Na duba, ba abin da za a gane."

Ta ce to. Ta yi wa shugaban godiya, ta yi wa Falmata godiya, ita kuwa Falmata tana ta hawaye. Aka ce nan da ɗan lokaci za a buɗe unguwar, tana iya dawowa gidanta. Ta ce a bar wa Ya Gana, ita ta koma Masanawa ke nan.

Ni ban yi wa kowa sallama ta kirki ba. Haka muka kamo hanya ina tafasa, ba na cin abinci, ba na magana. Muka wuce bukkokin, muka wuce Maine, muka yi ta sauka muna ɗaga riga. Sai da muka bar Gure a baya abin ya fi ƙarfina. Na ce, "Yaya, tiyo ne fa. Mun faɗa musu tiyo ne. Da kin bar yaron nan ya shiga, da yanzu ƙunshin yana kan cinyarki."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Auta, kai ba ka ji abin da ya ce ba? Ya ce ba wanda ya taɓa ramin. Shekarun nan duk ina kwana ina tashi da tunanin waɗancan mutanen sun kwance mata ɗankwali, sun ga abin da ni uwarta ban gani ba." Ta gyara mayafinta, ta mayar da fuskarta wajen taga. "Ashe ba su buɗe mata ba. Yadda ta ɗaure shi haka yake."

 Na sunkuyar da kai a bayan kujerar gabana na yi kuka, ita ce ma ta riƙa bubbuga mini baya har muka shiga Damagaram.